Baffana Da Katin Allura

Ya ku 'yan makaranta, zan ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu, gama na ga akwai abin koyi a cikinsa. Ni malamin makaranta ne. A Falgore aka haife ni, cikin ƙasar Doguwa, nan bakin dajin da hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa. Mutanenmu manoma ne, masara ce ƙarfinmu, kuma duk wanda Allah ya sa wa noma albarka ba shi da wani buri da ya wuce ya ga Ka'aba da idonsa kafin ya kwanta dama.

Cikin shekarar 2024 Allah ya nufi baffana, watau ƙanen mahaifina, da biyan kuɗin kujera. Shekara bakwai ya yi yana tari, daga ƙarshe sai da ya haɗa da shanun huɗarsa biyu kāna kuɗin suka cika. Ran nan da la'asar na taso daga makaranta, na biya in gaishe shi, sai na iske shi a zaure da wani baƙo mai 'yar jaka a hammata. Da baƙon ya yi sallama ya fita, Baffa ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Malam, an hutasshe ni." Haka yake kirana tun ran da na fito kwalejin horon malamai, rabi girmamawa rabi ba'a. Ya ce, "Wannan bawan Allah ya ce in na ba shi ɗan abin goro zai kawo mini katin nan rawaya har gida, da hatimi da sa hannu, ba sai an yi mini allura ba."

Na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ai ba katin ne magani ba."

Ya ce, "Kai yaro ne. An ce allurar nan takan kashe wa tsoho jiki, ni kuwa ƙarfi nake nema na ɗawafi. Ban da haka, baƙon Allah zan zama, Mai gida ba zai bar baƙonsa ba. In ma can kwana ya ƙare, wa ya kai ni dace?"

To, kun san yadda muke. Yaro ba ya ja da uba. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya kai mu, na tashi. Amma daren nan barci ya ƙaurace mini, don maganar ta tono mini wani tsohon miki.

Ina da shekara bakwai cikin 1996, shekarar da sanƙarau ya faɗa wa ƙasashen Arewa. Da sanyi ya fara, ya yi ƙarfi da bazara, har fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Yayata, wadda nake bi, ta kwana da ciwon kai da zazzaɓi mai zafi, kafin azahar wuyanta ya sanƙare, ba ta iya sunkuyar da kai. Aka sa ta a bayan motar masara zuwa asibitin Tudun Wada. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, amma ciwon ya tafi da jinta. Tun daga ran nan har yau ba ta sake jin kiran salla ba, sai dai ta dubi inuwa.

A wannan shekara kuma kakana, mahaifin Baffa, ya biya kuɗin Hajji. Ya yi allurarsa, ya yi ban kwana da gari, aka raka shi har Kano. Yana can yana jiran jirgi sai labari ya zo wai hukumar Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga, saboda annobar. Ina tune da yadda ya dawo ta Kwanar Ɗangora da jakarsa a kulle, haraminsa a naɗe. Ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Bai ga baɗin ba, da kaka ya cika.

Ina yaro na ɗauka zalunci kawai aka yi masa, tun da shi lafiyarsa lau. Sai da na yi karatu na gane dalilin. Ƙwayar sanƙarau ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba a ganinta sai da madubin likita, kuma a maƙogwaro take zama. Likitoci sun ce cikin mutum goma ana iya samun ɗaya yana ɗauke da ita alhali bai ko yi ciwon kai ba. In ya yi tari ko atishawa cikin cunkoso, sai ta tsallaka ga na kusa da shi. To, ina cunkoson da ya kai na Mina, inda mutanen duniya duka ke kwana kafaɗa da kafaɗa cikin tantuna? Cikin 1987 ciwon ya ɓarke a tsakanin alhazai, waɗanda suka koma gida kuma suka kai shi ƙasashensu. Daga nan aka sa dokar allura. Cikin 2000 wani iri dabam ya sake ɓullowa wanda allurar farko ba ta tare shi, saboda haka tun 2002 allurar da ke tare iri huɗu ake nema. An kuma ce a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, domin jiki yana bukatar kwanaki kafin ya haɗa garkuwarsa. Kun ga ke nan kati ba ya yin wannan aiki. Hatimi yakan ruɗi ma'aikacin da ke bakin ƙofa, amma cuta ba ta iya karatu ba.

Kada kuma ku zaci tsaron lafiyar alhazai sabon abu ne. Cikin 1865 ciwon amai da gudawa ya kashe alhazai kimanin 15,000, jiragen ruwa kuma suka ɗauke shi zuwa Masar, daga can ya haye Turai. Wannan ya sa hukumomin ƙasashe suka yi taro a Istanbul cikin 1866, daga baya aka kafa wuraren tsare matafiya a bakin Bahar Maliya, irin na tsibirin Kamaran don masu zuwa daga Hindu, da na Tur don masu komawa wajen Masar. Mutanenmu na Yamma, waɗanda ake ce wa Takari, ta Sawakin suke bi. Kakan mahaifina da ƙafa ya tafi, ta Yarwa da Fashir, yana tsayawa yana ƙwadago a gonakin audugar Sudan. An ce har ya tsufa yana nuna wa jikokinsa tabon lambar agana da aka yi masa a Sawakin kafin a bar shi ya shiga jirgi, yana alfahari da shi kamar yadda alhazan yanzu ke yi da haƙorin Makka.

Da gari ya waye na tafi wurin limaminmu na kwashe magana duka na gaya masa, gama abin da yaro ba ya iya faɗa wa babba, malami ya iya. Liman bai kira sunan kowa ba. Bayan sallar magariba sai ya juyo ya ba jama'a labarin Sayyidina Umar, sa'ad da ya nufi ƙasar Sham ya ji annoba ta sauka can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da mutanensa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Liman ya ƙara da cewa Shari'a ta hana mutum shiga garin annoba, ta kuma hana na ciki fita, don kada a yaɗa. Sa'an nan ya ce shi bai san yadda mutum zai tara halaliyarsa shekara da shekaru ba, kāna ya buɗe tafiyar da takardar ƙarya. Na saci kallon Baffa, na ga ya ƙura wa tabarma ido yana jan carbi.

Duk da haka bai ce kome ba, har kwana biyu. Ran na uku muna zaune a zaure sai ga yayata ta kawo masa fura, ta durƙusa ta ajiye, ta juya za ta fita. Baffa ya manta, ya ɗaga murya ya kira ta don ya sa mata albarka. Ya kira sau biyu, ita kuwa tafiyarta kawai take yi. Ya bi ta da kallo har ta ɓace. Can sai ya ce, "Malam, in na ɗauko abin nan a maƙogwarona na kawo wa jikokina fa?" Na ce, "Shi ne abin da ya hana ni barci, Baffa." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaushe ne ranar allurar?"

Ni na kai shi a bayan babur. Aka yi masa ta sanƙarau da ta shawara. Ita shawarar sauro ke ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, irin sauron kuwa akwai shi a Jidda, don haka ba su yarda a kai musu ita ba. Aka kuma ɗiga masa maganin shan inna a baki, ya yi ta dariya wai an mai da mai furfura jariri. Malamin asibiti ya gaya masa babba ma yakan ɗauki ƙwayar a cikinsa ya kai wa yara. Da aka auna shi sai aka tarar yana da hawan jini, abin da shi kansa bai sani ba. Da katin baƙon nan ya karɓa, da haka zai hau jirgi. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya riƙe su a jakar hannu, kada ya sa cikin babban kaya. Dantsensa ya yi tsami kwana biyu, iyakar abin da allurar ta yi masa ke nan.

Sauran guzurin ni na haɗa masa: farar laima, da gorar ruwa mai rataya, da ƙunshin gishiri da sukarin nan da ake damawa, da takunkumin rufe hanci, da sabulu. Na roƙe shi kada ya yarda a yi masa aski da askar da ta taɓa kan wani, don ciwon hanta yakan bi jini, kada kuma ya sha ɗanyen nonon raƙumi, ko ya ci abincin da ya wuni cikin zafi. Kan laima muka ɗan ja, wai mai harami ba ya rufe kai. Sai da malaman bita suka bayyana musu cewa inuwar da ba ta taɓa kai ba dabam take da hula ko rawani, kāna ya karɓa.

Ashe laimar nan ce za ta fi kome amfani. Hajjin 2024 ya faɗo tsakiyar watan Yuni, alhazai fiye da 1,800,000 suka taru, zafi kuwa ya kai awo 51.8 a Masallacin Makka. Hukumar Saudiyya ta ba da sanarwa cewa mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuwa waɗanda suka shiga ba da izini ba ne, suka yi doguwar tafiya cikin rana ba tanti ba mota. Mu nan gida kunnenmu na kan rediyo, gabanmu na faɗuwa, har ran da muka ji muryarsa a waya.

Da ya dawo ya ba mu labari. Ya ce mu da muke taƙama mun saba da ranar gona, ranar can dabam ce, gama babu kurmi babu iskar daji, dutse da kwalta ne ke mayar da zafi. Ya ce akwai wani abokin tantinsu, ƙaƙƙarfa, wanda ya ƙi shan ruwa don gudun layin ban ɗaki, ya kuma fita jifa da tsakar rana ba laima. A hanya ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi kamar tukunya, ya yanke jiki ya faɗi. Suka ja shi inuwa suna kwara masa ruwa har ma'aikatan lafiya suka iso. Ya rayu, amma sai wani ne ya ƙarasa masa jifan. Baffa kuwa yakan jira rana ta yi sanyi, yana kurɓar ruwa ko bai ji ƙishirwa ba, ya gama aikinsa duka da ƙafarsa.

Ya dawo da tarin nan da alhazai kan dawo da shi. Abin da ya ba ni mamaki, shi da kansa ya sa takunkumi ya zauna a zaure yana amsa barka da zuwa, ya ce kada a miƙo masa jarirai sai tarin ya lafa. Zamzam ma bai yarda a zagaya da kofi ɗaya ba, kowa da nasa. Haramin da ya yi aikin Hajji da shi kuwa, na kakana ne, wanda ya shekara 28 a naɗe cikin adaka.

To, 'yan makaranta, ga inda maganar ta shafe ku. A yawancin gidajenmu ku ne masu karanta wa iyaye takarda. In wani naku ya yi niyya, ku karanta masa abin da hukumar alhazai da likitoci suka rubuta, ku raka shi wurin allura a kan lokaci, ku tabbata an yi ta, ba hatimi kaɗai aka buga ba. Ku yi da ladabi, in maganar ta fi ƙarfinku ku nemi babban da zai faɗa. Waɗanda ba Musulmi ba a cikinku, ku ma da ku, gama kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, cuta kuwa ba ta tambayar addinin mutum kafin ta shiga gidansa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ni ban sami wannan a littafi kaɗai ba, kullum ina ganinsa in na shiga gida na gai da yayata da hannu.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.