Karatuna na Waje da Rabin Shagon Abba

A shekarar 2014 takardun shiga jami'a biyu suka zo hannuna kusan lokaci guda. Ɗaya daga Jami'ar Bayero, wadda daga bakin titin unguwarmu a daidaita sahu ɗaya ke kai mutum sabuwar harabarta da ke kan hanyar Gwarzo. Ɗayar daga wata jami'a ce mai suna a Malesiya, kuma fannin ɗaya ne, kimiyyar kwamfuta. Kuɗin rajistar shekara a Bayero bai kai kuɗin tikitin jirgin da zai sauke ni a Kuala Lumpur ba. Na san haka sarai, amma na kafe sai Malesiya.

Hujjoji kam ina da su. Malaman jami'o'i sun yi yajin aiki a 2013 tun daga Yuli har Disamba, na ce ba zan tsufa a aji ɗaya ba. Na ce can akwai wuta dare da rana, akwai intanet, akwai kayan aiki. Duk gaskiya ne, sai dai ba su ne suka tura ni ba. Lokacin gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso tana ta tura ɗaliban Kano ƙasashen waje, kullum sai ka ga hoton wani a Facebook yana jan akwati a filin jirgin Malam Aminu Kano. Su gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu. Ni kuwa ba ni da kowa sai mahaifina, ɗan kasuwar Kantin Kwari mai shago ɗaya da iyali masu yawa. Abin da zuciyata ke so shi ne in an tambayi Umma a gidan biki ta ce ɗanta yana waje.

Kawuna, wanda ya daɗe yana koyarwa a sakandare, shi kaɗai ya zaunar da ni. Ya ce, "Ɗana, ka yi digirin farko a gida. In ka fita da sakamako mai kyau, ka nemi tallafi ka je ka yi na biyu a duk inda kake so." Sannan ya tambaye ni da wane kuɗi za a riƙa biya, naira ko dala. Na ce dala, ai ba ta wuce wajen naira 165 ba. Ya ce, "Yau ke nan. Shekara huɗu fa za ka yi." Na fito daga zaurensa ina cewa a raina mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba me zai gaya mini. Har yau idan na tuna wannan tunani kunya takan rufe ni. Abba kuwa ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "In dai karatu ne, je ka. Allah Ya yi albarka."

Ban daɗe da tafiya ba farashin ɗanyen mai ya fara zubewa, daga sama da dala 100 kowace ganga a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Dala ta yi wuya a ƙasa. A watan Yunin 2016 Babban Banki ya saki farashin da ya ɗaure a kan naira 197, kuma kafin a yi nisa cikin 2017 'yan canjin Wapa suna sayar da ita kusan naira 500. Makarantar ba ta ƙara mini ko sisi ba, amma a aljihun Abba kuɗin ya ninka har sau uku. Ɗan Kwari kuma ta fuska biyu abin ya same shi: atamfar da ake shigowa da ita daga Sin da dala ake saro ta, masu saye kuwa sun ɗauke ƙafa saboda kowa ta cikinsa yake yi.

Duk wannan ina karanta shi a waya kamar labarin wasu. Zango na zagayowa sai in tura saƙo: "Abba, an fito da kuɗin makaranta." Idan aka yi jinkiri sai in fara ƙorafi. Akwai ranar da na ɗaga wa Umma murya, na ce za a hana ni jarrabawa, ba su san halin da nake ciki ba. Ta ce, "Yi haƙuri, ana ƙoƙari." Ban tambaye ta wane irin ƙoƙari ba, domin ba na son in sani.

Na gama a 2018 na dawo. Kashegari na tafi kasuwa in gaida Abba, na wuce ƙofar shagonmu ban gane shi ba. An raba shi biyu da falanki, wani baƙo yana zaune a ɓangaren da kantocin shadda suke a da. A ɓangaren Abba kuwa an warware turamen atamfa an rataye su a buɗe, don su rufe kantocin da babu komai a kansu. Ni da na tashi a shagon nan na san ba a warware turmi sai mai saye ya nema. Abba ya tafi sallar azahar ya bar ni da jiran shago, littafin lissafinsa yana kan benci. Na buɗe. Akwai shafi guda da sunana a sama, a ƙasa kwanan wata da kuɗi, layi bayan layi, kuma gefen kowane layi ya rubuta inda kuɗin ya fito. Filin Abba na bayan gari. Sarƙar gwal ɗin Umma. Rabin shago. Can ƙasa na ga an rubuta "kuɗin makarantar Yaya ƙarama", wato ƙanwata da ke bi na.

Ta ci jarrabawar JAMB tun ina shekara ta biyu, tana son aikin jinya. Ni an ce mini ta fasa ne, ni kuma na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Ashe ce mata aka yi ta jira Yaya ya gama. Da Abba ya dawo ya gan ni da littafin, sai ya karɓa ya rufe, ya ce, "Ai ba bashi ba ne, don kada in manta ne." Na kasa ɗaga kai. A kan bencin nan na gane cewa duk lissafin da na yi a 2014 na abin da zan samu ne, ban taɓa lissafa wanda zai rasa ba. Na yanke hukunci a kan dukiyar gida gaba ɗaya kamar ni kaɗai aka haifa, kuma wadda ta fi kowa biya ba a ko nemi shawararta ba.

Ba zan ce karatun can banza ba ne. An koyar da ni da kyau, na kuma gama a kan lokaci. Sai dai a wurin aikin da na samu bayan hidimar ƙasa, wanda ke koya mini aiki a Bayero ya yi karatu, kuma ba a taɓa tambayar ɗayanmu sunan makarantarsa ba bayan ranar ɗaukar aiki. Ƙanwata ta shiga makarantar jinya daga baya, ni nake biya, amma ƙawayenta sun riga ta fara aiki da shekaru, kuma wannan ba abin da albashina zai iya maido mata ba ne. Rabin shagon ma har yanzu yana hannun wancan mutumin.

A 2024 dala ta haura naira 1,500. Kai da takardu biyu ke hannunka yanzu, in tallafi ka samu cikakke, a rubuce, to Allah Ya kiyaye hanya. In kuwa daga aljihun gida za a biya, kada ka tsaya a kan "je ka" ɗin mahaifinka, domin iyayenmu ba sa iya cewa ɗa a'a a kan karatu. Ka roƙe shi ya nuna maka daga inda kuɗin kowace shekara zai fito, ka ninka farashin dala biyu ka sake lissafi, sannan ka kira ƙannenka ka tambaye su abin da kowannensu yake son ya karanta.