Maƙwabcina Bayahude da maganar Sallah a baƙon wuri

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu. Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato hirarmu ɗaya ce: kuɗin mota ya yi tsada, hutun kwana biyu ne kacal, ga jarrabawa a gaba. Wanda bai samu tafiya ba, daga idi sai ɗaki, ya ja bargo yana kallon hotunan hawan daushe a waya, yana cewa Sallah a Kudu ba Sallah ba ce. To yau labarin wanda ya fi mu baƙunta zan ba ku.

A hostal ɗinmu na 'yan digiri na biyu nan Ibadan akwai wani saurayi Bayahude ɗan Amurka. Shekara ɗaya ya zo yi, yana bincike a kan gangunan Yarabawa. Mai addini ne sosai, 'yar hular nan tasu ba ta barin kansa. Kafin ya shiga jami'a sai da ya yi shekara guda a yeshiba a Ƙudus, wato makarantarsu ta addini. Ya ce bibbiyu suke zama, kowa da abokin karatunsa, suna rera Talmud da ƙarfi, suna rangaji, suna gardama kan kowace jimla. Na ce masa ai zaure ka yi.

Ku duba bambancinmu da shi. Mu muna da masallaci a cikin jami'a. In marmarin tuwo ko tsire ya taso, ga Sabo ga Sasa. Shi kuwa jam'insu ba ya ƙulluwa sai da maza baligai goma, kuma shi kaɗai ne a hostal ɗin. Sau uku a rana yake ibada, ya fuskanci Ƙudus, ba liman ba mamu. Yankanmu ma bai isar masa ba, nasu yankan da nasa sharuɗɗan. Ba ya haɗa nama da madara, ba ya cin kifin da ba shi da ɓawo, don haka farfesun tarwada sai dai ya ji ƙamshi. Wake, doya, ƙwai da karfasa, a tukunyarsa shi kaɗai, su ne abincinsa wata da watanni.

Ranar Juma'a kafin rana ta faɗi ya gama girki, ya kunna kyandir, ya kashe waya. Daga nan har duhun daren Asabar ba rubutu, ba hawa mota, ba taɓa makunnin lantarki. Abin da ya burge ni shi ne tun makon farko ya kai wa sufabaizansa takarda mai ɗauke da duk ranakun da ba zai yi aiki ba a shekarar, aka tsara komai a kanta. Mu fa? Sai ƙarfe ɗayan Juma'a ta yi muna aji sannan mu fara ƙunƙuni.

Watanninsu suna bin zagayen wata ne kamar namu, sai dai suna ƙara wata guda sau 7 a cikin shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya damina da rani kamar azuminmu. Wani abin dariya, idin da ake yi kwana ɗaya a Ƙudus, na ƙasashen waje kwana biyu suke yi, saboda a da can labarin ganin wata ba ya isa nesa da wuri. Na ce masa wannan rigimar mun san ta, mu har yanzu sai mun jira sanarwar Sarkin Musulmi.

Sabuwar shekararsu wajen Satumba take zuwa, kuma ƙahon rago suke busawa, sunansa shofar. Da ya fara gwaji da sassafe, wani Banufe a ɗakin kusa ya fito yana tambayar wa ya shigo da saniya. Ƙahon yana tuna musu ragon Annabi Ibrahim ne, sai dai su a wurinsu Annabi Ishaƙa aka fansa, mu kuma Annabi Isma'ila. Ranar goma ga watan suna azumin Yom Kiffur, kusan awa 25 ba ci ba sha. Wannan kam jirgin ƙasa ya hau zuwa Legas tun ana gobe, don ya samu jam'i.

Bayan kwana biyar sai idin bukkoki, Sukkot, na tunawa da zaman Bani Isra'ila a hamada bayan fitowa daga Masar. Kwana bakwai a bukka ake cin abinci. Mutumin nan ya nemi izini, ya sayo gora, ya samo ganyen kwakwar manja, ya kafa bukkarsa a bayan hostal. Ya bi ɗaki ɗaki yana gayyata. Mu shida muka je, ya dafa shinkafa da wake, muka kawo lemo da gyaɗa. Ruwan Oktoba ya kore mu kafin mu gama, ya ce ba komai, shari'arsu ma ta yarda a shiga ɗaki in ruwa ya yi yawa.

A bukkar na fara jin abin da suke kira nigun. Waƙa ce ba kalmomi, murya kawai, ana maimaitawa ana buga tebur da hannu, tana farawa a hankali har ta ɗau zafi. Gadon Hasidawa ne, wata ɗariƙarsu da ta taso a gabashin Turai a ƙarni na 18. Ranar Asabar ba sa taɓa kayan kiɗa, sai murya ta ɗauki nauyin komai. Wallahi ni dai zaman bege na unguwarmu ya faɗo mini, har gida ya taso mini. Daga baya na kunna masa Shata. Da jin kalangu ya miƙe zaune, ya ce ai ɗan uwan dundun ɗin da yake bincike ne, mai magana in an matse tsirkiya. Yanzu a wayarsa Shata ya fi nawa yawa.

Na san abin da ke ran wasunku. Matsayina kan Falasɗinu yana nan inda yake, ya sani, mun yi gardama mai zafi a kan Gaza ba sau ɗaya ba, kuma ba mu daidaita ba. Amma mu ne fa a nan Kudu ake kira aboki, ake tambayarmu labarin Boko Haram da 'yan bindiga kamar mu muka aike su. Mun san ɗacin a ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Maƙwabci kuma yana da haƙƙi ko wane addini yake bi, wannan tun a Islamiyya aka koya mana.

Mutum ɗaya, ba dangi ba jam'i, ya tayar da idi sukutum a bayan hostal. Mu a jami'ar nan ɗaruruwa ne. Don haka bana wanda ba zai je gida ba ya rubuta sunansa a ƙasa tun yanzu. Mu yi karo-karo mu sayi rago ko da ɗaya ne, masu iya girki su fito, a nemi wuri da izini da wuri, a gayyaci abokan ɗakinmu Yarabawa da Inyamurai. Shi ma zan gayyace shi. Naman ba zai ci ba, amma lemo da gyaɗa ai na san yana ci.

Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema.