Ƙarfen Bayan Masallaci

A bayan masallacinmu na nan Sabo samari suka kafa wurin ɗaga ƙarfe. Faya-fayan nasu duk manya ne, kilo 20 kowanne, ƙarami babu. In yaro zai ƙara nauyi sai dai ya ɗora 40 lokaci guda, ɗaya a kowane gefe. Ga abokai sun zuba ido, wa zai ce ba zai iya ba?

Haka ɗanmu ya yi, bayansa ya riƙe. Wata uku ke nan a zaune yake bin mu sallah, buhun albasa kuwa sai mun biya ɗan dako.

Mun yi nasiha bayan Magariba, shiru. Ƙarshe dai muka biya mai walda ya yanko musu ƙanana, kilo bibbiyu. Suna can jingine da bango, wai kayan yara ne.