Kunnen aro: kundin horon Duna a Matazu

Litinin, 14 ga Oktoba

Yau muka fara aikin da gaske. Karyata Duna ta shekara ɗaya, ta iya zama da kwanciya da zuwa idan na buga cinyata, dukkansu da alamar hannu. Abin da ya rage shi ne mai wuyar: ta ji sauti, ta zo ta gaya mini. Sanƙarau ɗin 1996 ne ya tafi da jina, annobar da ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ni na tsira da raina da harshena, kunne ne ya tafi. Matata kurma ce tun haihuwa, a makarantar kurame ta Malumfashi muka san juna. Yanzu Allah ya ba mu ɗiya, kuma Inna ce ke kwana a bakin ƙofarmu da tsufanta, don ta tashe mu idan jaririya ta yi kuka.

Kowane karen ƙauye ya iya haushi, amma haushi bai amfana wa kurma komai ba. Horon gaba ɗaya shi ne a mayar da haushin ya zama taɓawa.

Talata, 15 ga Oktoba

Ɗan yayana ya ɗauki kukan jaririya a waya. Shi ke kunnawa, ya ɗaga hannu don in san sautin ya fara, ni kuma in kira Duna. Da zarar hancinta ya taɓa gwiwata sai ƙuli-ƙuli ya shiga bakinta. Lada a take ake ba da shi, kafin ƙiftawar ido, domin kare yana haɗa lada ne da abin da ya yi a daidai wannan lokacin. Muna yi kaɗan mu bari tun tana marmari, da sassafe kafin in tafi yankan dawa, sai kuma bayan la'asar.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na tafi wurin limamin unguwarmu da tambayata a rubuce, don maƙwabta sun fara magana. Na rubuta: “Allah gafarta Malam, kare a gidan kurma fa?” Ya ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid, ya nuna mini inda aka hana ajiye kare a gida sai na noma da kiwo da farauta. Ya ce malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida da sauran buƙatu na haƙiƙa a kan waɗannan. Ya tuna mini cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki ibada ce da ake yi don bin umarni. Ya kuma ambaci aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Sharaɗinsa ɗaya: kada ta shiga ɗakin kwana da wurin salla. Na karɓa da zuciya ɗaya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sharaɗin Malam ya sa na kwana ina tunani, domin kukan dare shi ne ainihin matsalar. Wani tsohon maharbi, wanda a wurinsa na samo Duna, shi ya warware ta. Ya kwatanta mini da hannu, ya ce: “Yaro, sa igiya.” Mun ɗaura igiyar rama a ƙafata, muka zura ta ƙarƙashin ƙofa, muka yi mata ƙulli babba da tsumma a ƙarshe. Duna za ta kwana a waje, idan ta ji kuka ta ciji ƙullin ta ja. Yau wasan ja kawai muka yi, babu sauti.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ma'aikacin lafiyar dabbobi ya sabunta mata allurar haukan kare, ya ba da maganin tsutsa da na kaska, ya rubuta ranar a kati. Kowace shekara ake maimaitawa. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma cizon kare ne ke kawo mafi yawansa. Wanda zai ajiye kare kusa da jariri, wannan ne farillarsa ta farko. Ko a Najeriya ana yin allurar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Mun haɗa sauti da igiya. Da rana tana ja daidai, amma ta gane cewa kukan waya daban ne da na gaske: idan jaririya ta yi kuka sai ta karkata kai, ta tsaya. Daga yau an ajiye waya. Inna za ta riƙa ɗaga mini hannu duk lokacin da jikarta ta yi kuka, in ba da lada a kan na gaske.

Talata, 22 ga Oktoba

Na karanta yadda wata ƙungiya da ke horar da karnukan kurame a Ingila take yi tun 1982. Karensu yana taɓa mai shi, ya kai shi wurin sautin. Idan kuwa ƙararrawar gobara ce, sai ya taɓa shi ya kwanta, don kada ya ja shi cikin haɗari. Wannan dabarar ta shige ni ƙwarai. A yankinmu, daga nan har Musawa da Ɗanmusa, 'yan bindiga sun sa mutane suna kwana da kunne a buɗe. Masu ji sukan farka da ƙarar babura ko ihun maƙwabta, kurma kuwa sai an tuna da shi. Mun shirya da maƙwabcina: idan akwai tashin hankali zai buga tsohuwar garwa a katanga. Shi ne sauti na biyu da Duna za ta koya, ja mai ƙarfi sannan kwanciya.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Da tsakar dare igiya ta fizge ƙafata. Na haska tocila, na ga bakin ɗiyata a buɗe, fuskarta ta yi ja. Na tashi uwarta, na fita na ba Duna busasshen kifi. Inna tana zaune a tabarmarta, ba ta taɓa ƙofar ba. Da safe ta yi mini alama cewa da gangan ta jira, ta ga ko karyar za ta riga ta. Alhamdu lillahi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Dare ɗaya bai isa a ce an gama ba. Akwai daren da ta ja saboda kukan akuya, na duba ban ba da lada ba, kuma ban tsawata ba, domin karen da aka daka kan kuskure zai daina kawo labari. Abokai kurame biyu sun zo daga Kankia ganin igiyar. Na gaya musu abin da za su duba a kwikwiyo: wanda ke juyowa da sauri idan an tafa hannu, ya nufi sautin maimakon ya gudu, mai son abinci, mara cizo. Uwar Duna za ta haihu kafin sanyi ya yi ƙarfi, maharbin ya yi alkawarin ajiye musu biyu. Ranar Litinin za mu fara garwa.