Jirgin wani matashi a Maruda da batirin da ya tsorata ni

Ɗaurin aure ne ya kai ni Maruda, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gwandu, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da bazarar ƙasar Kebbi ke sa mutum ya riƙa neman inuwa tun da hantsi. Na kwana a Kalgo, na yi sammako na ratsa Birnin Kebbi, na tsaya a garin Gwandu na ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, sannan wani ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. An ɗaura aure, an raba goro da dabino, wayata kuwa ta mutu. Aka nuna mini wata rumfar caji da farantin sola a kanta.

A nan na ga jirgin. Yana rataye da zare a ƙarƙashin kwano, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, an sassaƙa shi daga farin soson nan da ake naɗe firji da shi. Mai rumfar, wanda ba zai haura shekara ashirin da biyu ba, ya lura da inda idona yake. Bayan la'asar ya ɗauke shi, yara suka rufa mana baya zuwa wani fili, ya wurga shi sama yana sarrafa shi da na'ura a hannu. Ya tashi kuwa, ya yi kewaye biyu ya dawo. Na tafa masa da zuciya ɗaya.

Da muka koma rumfa sai ya buɗe wani littafin makaranta. Zanen babban jirgi ne mai kujera ɗaya, da ƙashin bututun ƙarfe da injin mota. Daga ƙarƙashin tebur kuma ya jawo abin da ya fi alfahari da shi: tarin ƙananan batura masu kama da guntun rake, waɗanda ya ciro daga matattun kwamfutocin tafi-da-gidanka, ya liƙe su da dalma uku-uku, ya naɗe da baƙin salatif. "Malam, ɗaga wanga ka ji," in ji shi. "Batirin mota sai ka sa hannu biyu." Na ɗaga. Babu nauyi, gaskiya ne. Amma na ji ɗumi a tafin hannuna, alhali babu abin da ke jone da shi.

Ba ni cikin masu yi wa irin waɗannan yara dariya. A shekarar 2007 wani ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi na Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, labarinsa ya zaga duniya. Jirgin horon nan na sojojin samanmu mai suna Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna, asalinsa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's na Amurka, wanda aka tsara domin mutum ya saya gunduwa-gunduwa ya haɗa a garejin gidansa. Ƙera jirgi a gida sana'a ce da ke da dubban mabiya a can, da dokokinta da masu duba ta. Kuma su ma sun daɗe suna muhawara a kan tambayar da matashin Maruda ya riga ya yanke wa kansa hukunci a kanta: shin batirin litiyom ya dace da jirgin haɗin gida?

Kwaɗayin a bayyane yake. A jirgi kowane kilo abokin gaba ne, batirin litiyom kuma yana iya yin aikin batirin dalma mai ruwa da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, ko ƙasa da haka. Sai dai manyan da suka fi kowa kuɗi da injiniyoyi sun ɗanɗana kuɗarsa. Ranar 7 ga Janairun 2013 batirin wani jirgin Boeing 787 na kamfanin Japan Airlines ya kama da wuta yana ajiye a filin jirgin Boston. Kwana tara bayan haka wani 787 na kamfanin ANA ya yi saukar gaggawa a Takamatsu ta ƙasar Japan saboda batirinsa ya ƙone a sama. Aka dakatar da dukkan jiragen wannan samfuri guda 50 fiye da wata uku. Masu bincike na Amurka sun gano cewa a Boston ƙwaya ɗaya ce cikin takwas ta samu haɗuwar wuta a cikinta, zafinta ya harbi maƙwabciyarta, ita ma ta harbi ta gaba. Maganin da Boeing ya kawo ya haɗa da sanya batirin cikin akwatin ƙarfe mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje, wato dai an amince cewa abin zai iya sake faruwa, an yi masa kurkuku. Sababbin batura ke nan daga masana'anta, ba tsince-tsincen bola ba.

Abin da ke sa wutar litiyom ta bambanta shi ne daga ciki take ciyar da kanta. Idan ƙwayar ta wuce wani mizani na zafi, sinadaran cikinta kan fara warwarewa suna ƙara zafi, ruwan cikinta mai kamawa ne, wasu nau'o'in ma suna sakin iskar da wuta ke buƙata. Rufe ta da bargo ko yashi ba ya hana ta ci gaba a ciki, hayaƙinta kuma guba ne. Direban mota zai taka birki ya buɗe ƙofa ya yi ta kansa. Wanda ke sama ba shi da gefen titi.

Na ari biro na yi wa matashin lissafi a bayan littafinsa. Ƙwayar kwamfuta iyakarta bolt 4.2 idan ta cika. Uku a jere sun ba da 12.6. Altanetar injin mota kuwa tana tura bolt 14 da ɗoriya, domin batirin dalma aka yi ta. Raba 14 gida uku, kowace ƙwaya za ta sha kusan 4.7, kuma za ta ci gaba da sha muddin injin na juyawa. Ga ƙwayoyin ba sa'o'in juna ba ne, wata ta tsufa fiye da wata. Ga zafin dalmar da aka ɗora musu kai tsaye. Ga babu allon nan mai lura da kowace ƙwaya ya yanke wuta idan ta yi yawa. Ƙara da girgizar inji da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa. Ya yi shiru yana kallon alƙaluman.

Adalci shi ne a ce ba duk litiyom ne ɗaya ba. Nau'in da ake haɗawa da ƙarfe da fosfet, wanda yanzu ya cika shagunan sola a garuruwanmu, ya fi haƙuri da zafi nesa ba kusa ba, kuma ƙwayoyinsa huɗu kan cika a wajen bolt 14.4, daidai da abin da altaneta ke bayarwa. Shi ne masu haɗa jirgi a ƙasashen waje suka fi karkata gare shi. Amma ko shi yana da sharuɗɗa. Idan na'urar daidaita wutar altaneta ta lalace, dole a samu wata kariyar da za ta kashe altanetar nan take. Yana zuƙar caji da haɗama bayan an tada inji, har ya wahalar da ƙaramar altaneta. Abin da ya fi damuna shi ne halinsa na rashin sallama. Batirin dalma idan zai mutu yakan yi ta nishi, fitila ta dushe, kowa ya gane. Na litiyom yana riƙe ƙarfinsa kusan har ƙarshe, sannan allon kariyarsa ya yanke wuta gaba ɗaya domin ya ceci batirin. Injin jirgi na asali yana da magneto biyu masu samar wa fulogi wuta da kansu, ko batir ya mutu yana ci gaba da juyawa. Injin motar zamani kuwa, irin wanda ke cikin zanen nan, fulogoginsa da famfon mansa duk a kan lantarki suke rayuwa. Ranar da altaneta ta tsaya, batir ya yanke, farfela ma ta tsaya.

A ganina, wanda ke matakin wannan matashi ya bar wa jirgin soso baturansa na tsince, ya riƙa cajinsu a waje cikin kaskon ƙasa yana kallo. Duk abin da ɗan Adam zai zauna a ciki kuwa, ya ɗauki nauyin batirin dalma rufaffe ya haƙura, har sai ya samu na fosfet na ƙwarai da wanda zai duba masa haɗin wayoyinsa, kafin a zo maganar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa. Masu dubawar kuma ba su da nisa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru tana Birnin Kebbi, jami'ar kimiyya tana Aliero, ta tarayya tana hanyar Kalgo, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tana Zariya tun 1964. Bai taɓa taka ƙofar ko ɗaya ba, babu kuma wanda ya taɓa zuwa rumfarsa daga can. Waya ce malamarsa, ita kuwa takan nuna tashi ta ɓoye faɗuwa.

Kafin magariba ya zare ƙullin baturan daga ƙarƙashin tebur, inda wayoyin mutane kusan talatin ke caji a kansa, ya kai shi bayan rumfa ya kife masa tsohuwar tukunya. Ya ce in rubuta masa sunan wancan nau'in na fosfet a littafin. Na rubuta, na biya kuɗin cajina, ya ƙi karɓa. Ɗan acaɓa yana ta danna mini oda, domin hanyar Gwandu ba a son ta da duhu.