Zangon Kataf: A Binne Gawa, A Koma Gona

Matafiyin da ya taso daga Kafanchan da damina ya nufi Zonkwa, duwatsun Kagoro suna bayansa, ba abin da zai gani sai gonakin citta da dawa kore shar. Ba zai ce ƙasar nan ta taɓa ganin wuta ba.

Alhali kuwa ta gani. A watannin Fabrairu da Mayu na 1992, rigimar sauya wa kasuwar Zango wuri ta ci rayuka masu yawa, Hausawa da Atyap, har ta tsallaka Kaduna da Zariya. Ran 7 ga Satumba 2023 da dare kuma, 'yan bindiga suka cinna wa gidan Fada na cocin St. Raphael a Fadan Kamantan wuta. Firistoci biyu suka tsira, ɗalibin firist Na'aman Danlami ya ƙone a ciki. A shekarar ce kuma cuta ta ruɓar da citta a gona.

Amma ran Lahadi majami'u cike suke maƙil. A na ECWA, matan Zumunta suna sanye da zane iri ɗaya, ana kaɗa tulu ana waƙa da Hausa, da yawansu mazansu sun rasu. Labarin Ayuba ba baƙo ba ne a kunnuwansu. Dogararsu ga Ubangiji dai ba ta hana su tambayar hukuma ina tsaro, kuma suna da gaskiya. Bayan sujada sukan ɗauki hatsi da itace su nufi gidan makoki, gari ya waye a ɗauki fartanya.