Kwana Huɗu a Ƙasar Jega: Yadda Iyali Za Su Shirya Tafiya

Yaranmu na yanzu sun san sunayen biranen Amurka da na Ingila, gama kullum suna ganinsu a waya da talabijin. Amma ka tambayi ɗan aji shida inda albasar da ke cikin miyar uwarsa ta fito, sai ya ce maka daga kasuwa. Saboda haka a wannan wata ina so in ba iyaye shawara a kan wata 'yar tafiya ta kwana huɗu, wadda maigida da uwargida da yara za su iya yi ba tare da an sayar da akuya ba. Garuruwan da nake nufi su ne Jega da Aliero da Maiyama, a Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991.

Tun da farko in gaya muku gaskiya, wanda yake neman dogayen benaye ko wurin wasan yara mai lilo, ba nan zai nufa ba. Abin kallo a ƙasar nan shi ne aikin hannun mutane, da kogi, da kasuwa, da tarihi. Wanda ya je bai shirya ba zai ga ƙura da manyan motoci kurum, ya komo yana cewa an ɓata masa kuɗi.

Abu na fari shi ne a zaɓi masauki guda ɗaya a zauna, kada a riƙa yawo da kaya kowace safiya. Jega ce ta dace da wannan, domin a mararraba take. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Tambuwal da Aliero ta shigo Jega, sa'an nan ta zarce kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kwantagora. Wata hanyar kuma ta balle daga Jega zuwa Birnin Kebbi, wajen kilomita 40. Daga Jega zuwa Aliero bai kai kilomita 20 ba, Maiyama ma kusan haka nan ne. Watau duk inda kuka je da safe, za ku iya komowa masauki tun rana ba ta faɗi ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A shekarun nan an sha jin labarin 'yan bindiga a waɗansu sassan jihar, musamman wajen iyaka da cikin daji. Kada ku yi tafiyar dare ko kaɗan, kada ku bar babbar hanya sai da ɗan gari, kuma ku tambayi halin da hanya take ciki kwana ɗaya kafin ku tashi, ba mako ɗaya ba. Iyayenmu in za su je baƙon wuri sukan karɓi takarda daga hannun fasto zuwa ga 'yan'uwa na can. Al'ada ce mai kyau, ku yi ta, ko da ta waya ce.

Sai maganar lokaci, ita ce kuwa mai wuyar yankewa. Hutu biyu gare mu a cikin rani. In kun je a hutun Kirsimeti, za ku tarar da sanyin hunturu, fadamu kore shar da albasa, amma ba a fara cira sosai ba. In kun je a hutun Ista, za ku ga albasa tuli-tuli ana ɗura ta a buhu, amma zafin watan Maris da Afrilu a wannan yanki yakan wuce awo 40, ƙaramin yaro ba ya jimre shi. Ni a ganina, mai yara 'yan ƙasa da shekara goma ya tafi bayan Kirsimeti, ya ɗauki rigunan sanyi da man shafawa. Mai samari da 'yan mata ya iya ɗaurewa ya je lokacin Ista, amma ya gama yawonsa kafin ƙarfe sha ɗaya, ya fake har la'asar. Damina kam a bar ta ga manoma. A duba kuma kada tafiyar ta faɗa cikin watan azumin maƙwabtanmu Musulmi, gama masu abinci da yawa ba sa buɗewa da rana, kuma ba ladabi ba ne baƙo ya zauna a bakin hanya yana ci a gaban mai azumi.

Ranar da kuka iso, kada ku ɗora wa kanku komai sai kogi. Gulbin Zamfara yana wucewa ta gefen Jega, ya taho tun daga gabas ta ƙasar Anka da Gummi, yana kan hanyarsa ta haɗuwa da Gulbin Kabi, wanda shi kuma ya faɗa Kwara. Da yamma ku je bakinsa ku tsaya. Za ku ga masunta da homa da gora, da masu kwalekwale, da masu ban ruwa suna janyo ruwa da ƙananan injuna. Ku sa yara su tambayi sunayen kifi, su ga bambancin tarwaɗa da karfasa da idonsu. Amma ku hana su shiga ruwa. Ba nutsewa kaɗai ake tsoro ba, akwai tsargiya, cutar nan da ke sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu sosai.

Kashegari ta kasuwa ce. Ku daidaita zuwanku da ranar da take ci, ku fita da sassafe. Amma kafin ku fita, maigida ya zaunar da yara ya ba su labarin garin, domin wanda ya san labarin zai kalli kasuwar da wani ido dabam.

Ga labarin a taƙaice. Cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai wani malami Ba'are, sunansa Abdussalami. Ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana, cikin ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 Sarkin Gobir Yunfa ya aika da yaƙi aka ci Gimbana, aka koro kamammu aka bi da su ta kusa da Degel, inda Shehu yake zaune. Mutanen Shehu suka fito suka kwance su. Wannan al'amari yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, daga nan yaƙi ya tashi. Bayan an ci ƙasa, Abdussalami ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba. Da Shehu ya rasu a 1817, sai ya yi wa Muhammadu Bello tawaye a Kware, aka yaƙe shi, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a wajen 1820, a ƙarƙashin Gwandu. Shi ya sa ake kiran zuriyarsu Gimbanawa, hakimin garin kuwa sarautarsa Sarkin Kabin Jega.

To, garin da ɗan mai tawaye ya kafa, shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a nan. Ana kawo gishiri daga Fogha, da dawaki, da tufafin Kano, har da bayi, kamar sauran manyan kasuwannin wancan zamani. Wannan na ƙarshe kada a ɓoye wa yara shi. Yau jakunan fatake sun zama tireloli, amma har yanzu wuri ne da mutanen arewa da na kudu suke haɗuwa. Ku zaga wajen hatsi da wajen busasshen kifi da kara inda ake cinikin dabbobi. Ku ba kowane yaro 'yan kuɗi kaɗan ya yi ciniki da kansa. Manyan yara kuma a tuna musu cewa Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, ɗan garin nan ne.

Wanda ya taho daga Kano ko Zariya ko Jos zai ji Hausa ta ɗan sake masa. A nan ana cewa kassuwa da hulla, ana cewa wanga maimakon wannan, da mi maimakon me. In wani ya tambaye ka lafiyar ɗiyanka alhali maza gare ka, kada ka gyara masa, 'ya'yanka duka yake nufi. Ku gargaɗi yara kada su yi dariya, gama su ma tasu Hausar abin dariya ce a kunnen mutanen wurin.

Rana ta uku ku ba Aliero ita gaba ɗaya, domin a nan ne yaro zai fi ƙaruwa. Sunan garin ya tafi da albasa har Legas da Fatakwal, har ƙasashen maƙwabta kamar Binin da Gana. Ku nemi wani manomi ku gaishe shi, ku roƙe shi ya nuna muku gonarsa. Zai nuna muku yadda ake yafa iri a ƙarshen damina, a bar shi ya yi makonni, sa'an nan a cire a dasa shi a fangali, a riƙa ban ruwa har wata uku ko fiye. Zai nuna muku yadda ake gane ta nuna, watau in ganyen ya kwanta ya fara bushewa. Ku roƙe shi kuma ya kai ku ga rudu, ɗan rumfar nan ta kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta riƙa ratsa albasar da aka ajiye.

A gaban rudun nan ne nake so iyaye su tsaya su yi wa yara lissafi. Lokacin cira kowa yana da albasa, saboda haka ba ta da daraja. In manomi ya sayar nan take, ribarsa kaɗan ce. In ya ajiye har damina ta yi nisa, kuɗinta yakan ninka, amma kafin nan wata ta ruɓe, wata ta tsiro, wata ta motse ta rage nauyi. Ga kuma bashin taki da na man inji yana jiransa, ga kuɗin makarantar yara. To, ya sayar ko ya ajiye? Ku bar yaran su yi gardama a kai, sa'an nan ku sa su tambayi manomin abin da shi ya yi bara. Na koyar da lissafin riba da hasara shekaru da yawa a kan allo, ban ga misalin da ya kai wannan shiga kai ba.

Aliero ta yi suna kuma wajen ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya da targaɗe wurin maɗoran garin, sana'a ce da ake gada daga iyaye. Ku ba yara labarin, amma kada ku kai su kallon marasa lafiya, gama mai ciwo ba abin kallo ba ne. Ni dai ra'ayina, karayar da ta huda fata, ko wadda ta kumbura ta sake kama, asibiti za a fara kai ta a ɗauki hoton ƙashi. Kafin ku bar garin ku bi ta ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a 2006, zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero. Yana da kyau ɗan sakandare ya ga jami'a da gonar albasa a yini guda.

Maiyama ba ta bukatar yini duka. Ƙasar gero ce da dawa, da shinkafa a fadama. Amfaninta ga yaron birni shi ne ya ga rumbu, ya ga sussuka da shiƙa, ya ga shanun Fulani suna kiwo a gonakin da aka girbe. In kun shiga ƙauye ku fara gaida mai unguwa, uwargida da 'yan mata su yafa gyale, maza kada su wuce zaure sai an ce su shigo, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. In ranar Jumma'a ce, ku gama abin da kuke yi kafin azahar, domin hanya takan cushe wajen masallaci.

Wanda yake da sauran kuɗi da ƙarfi, sai ya ƙara kwana ɗaya ya nufi Birnin Kebbi, inda Sarkin Gwandu yake zaune yanzu. In an shirya wannan ya faɗo ranar Lahadi ya fi kyau, gama akwai majami'u na ɗariku dabam-dabam a can, sai a yi sujada da safe a wuce Argungu, wajen kilomita 50. A can akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fada ce da aka mai da ita wurin ajiye kayan tarihi a 1958, da kuma Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara. Bikin ba kowace shekara ake yinsa ba, kuma yakan faɗo a lokacin da makarantu suke buɗe, saboda haka kada ku ɗaura tafiyarku a kansa.

Game da guzuri, kuɗin mota ne zai fi cin aljihu, sai masauki. Abinci ba shi da tsada in za ku ci abin da mutanen gari suke ci. Ku raba kuɗin kashi huɗu, kashi na huɗun ku ba uwargida ta ɗaure, kada a taɓa shi sai mota ta lalace ko yaro ya yi zazzaɓi. Ku riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin a gona da ƙauye ba kullum ake samun tura kuɗi ta waya ba. Ku ɗauki gidan sauro, da ruwan sha mai tsabta, da gishiri da sukari saboda zawo, da littafi da fensir ga kowane yaro, ya rubuta abin da ya gani kowace yamma kafin ya kwanta. Buhun albasar da za ku kai gida kuwa, ku bari sai ranar komowa ku saya, in ba haka ba ɗakin masaukinku zai gaya muku dalili.